Daga Keso zuwa Kilo: Tarihin Awo da Manyan Lambobi a Ƙasar Zurmi

Malaman da su ke koyar da fiziks, watau ilmin motsi da nauyi da zafi da haske, a makarantun sakandare da na horon malamai, sun daɗe suna kuka da abu guda. Yaro ya kan fahimci tambaya sarai, ya kuma san dokar da zai yi aiki da ita, amma da an ce ya juya kilomita zuwa mita, ko awa zuwa sakan, ya rubuta amsarsa a taƙaice kamar 4.8 × 10⁴, sai lissafi ya kwance masa. Waɗansu su kan ɗora laifin a kan harshe, su ce wai Hausa ba ta da wurin ajiye irin waɗannan lambobi. Nufin wannan takarda shi ne a duba tarihin awo da ƙidaya a yanki guda, watau Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi a arewacin Jihar Zamfara, don a gane abin da kakannin yaran nan su ka riga su ka sani, da abin da ya ke baƙo na gaskiya. In an rarrabe biyun nan, malami zai san inda ya kamata ya tsaya ya yi bayani, da inda tunatarwa kurum ta isa.

Awon jiki da awon kasuwa

Awon da ya fi daɗewa a ƙasar Hausa daga jikin mutum a ka ɗauko shi. Masaƙi da mai sayen sawaye suna auna tsawo da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wanda malamai ke kira zira'i. Abin da bai kai kamu ba a auna shi da taƙi, mai haƙar rijiya da mai tufkar igiya kuwa su yi da gaba, watau buɗin hannuwa biyu. Manomi ya auna gona da taki, matafiyi ya ƙidaya nisa da zango ko da kwana. Hatsi a gona dami ne, a kasuwa kuwa mudu ne ko tiya.

Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana da amfani a wurinsa, amma babu wanda ya ke tsayayye. Kamun dogo ya fi na gajere. Mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, kuma ko a kasuwa guda akwai bambanci tsakanin mudun da a ka shafe bakinsa da wanda a ka yi wa tozo. Saboda haka falke mai ɗaukar gero daga ƙauyukan Zurmi zuwa kasuwar Shinkafi, wadda ta ke ci ran Alhamis, tilas ne ya san yadda mudun da ya saya da shi ya ke faɗawa a mudun da zai sayar da shi. Ribarsa ko faɗuwarsa tana cikin wannan juyi. Ashe ke nan juya awo zuwa wani awo tsohon aiki ne a kasuwa, sai dai da ka a ke yinsa, ba da alli ba.

Awon malamai

Musulunci ya zo da wani tsari wanda ya fi na kasuwa tsayuwa, domin hukunci ya rataya a kansa. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san mudun Annabi huɗu su ne sa'i ɗaya, sa'i sittin su ne wusƙi ɗaya, kuma zakka ba ta wajaba a kan hatsi sai ya kai wusƙi biyar. In an bi matakalar, nisabin hatsi sa'i 300 ne, watau mudun Annabi 1,200. Haka kuma tafiyar da a ke yi wa sallar ƙasaru baridi huɗu ce, ko wane baridi farsahi huɗu, ko wane farsahi mil uku, jimla mil 48 na malaman fiƙihu. Nisabin zinariya dinari 20 ne, na azurfa dirhami 200, kuma da miskali a ke auna zinariya, wanda ya ɗan haura giram huɗu.

Wannan shi ne ainihin aikin da malamin fiziks ke nema daga yaro: a tashi daga babban awo, a yi ta ninkawa mataki mataki har a sauko ga ƙarami, ba tare da an tsallake mataki ba. Malaman rabon gado kuwa sun ƙware da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Ƙasar nan ma ta fid da masana lissafi waɗanda sunansu ya kai nesa, kamar Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Wuri da zambar

Inda Bahaushe ya fi yin ma'amala da manyan lambobi shi ne wajen kuɗi. Wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya a ke kawo shi, ƙimarsa kaɗan ce ƙwarai, saboda haka ko cinikin doki ɗaya sai an ƙidaya dubbai. Zurmi kuwa a kan hanyar fatake ta ke tsakanin Katsina da Sakkwato. Ta nan Bature Clapperton ya bi a 1824, ta nan kuma Barth, wanda a ka sani da Abdulkarimu, ya bi a 1853, har ya ga cin kasuwar Badarawa kusa da Shinkafi, ya yi maganar yawan audugar da a ke kawowa.

Barth ya bar mana lambobi biyu masu amfani. Ya ce a Kano, a 1851, riyal ɗaya na azurfa wuri 2,500 ne. Ya kuma ba da labarin yadda ya tarar a na ƙidayar wuri 500,000 a Tasawa a farkon shekarar nan, a na jan su biyar biyar a na tara su tsibi tsibi. In an gama ƙidaya sai a ɗura 20,000 a buhun tabarma, shi ne a ke kira keso. Daga nan babban attajiri ya daina maganar wuri ɗai ɗai, sai keso kaza.

Harshe ya tanadi kalmomi domin wannan aiki. Akwai hauya, watau 20, da zangu, watau 100. Daga Larabci a ka aro metan da arbaminya da hamsaminya, da alif da alfyan, har talata da arba da hamsa su ka zama 3,000 da 4,000 da 5,000 a bakin masu ƙidayar kuɗi. Amma kalmar da ta fi dacewa da zancenmu ita ce zambar. Zambar goma 10,000 ne, zambar ɗari 100,000, zambar dubu kuwa shi ne abin da mu ke kira miliyan yanzu. A lura, zambar ba ta cika tsayawa ita kaɗai ba; aikinta shi ne ta ninka lambar da ta biyo ta sau dubu. Wannan kuwa shi ne aikin kilo a cikin kilomita da kilogiram, kuma shi ne aikin 10³ a rubutun masana kimiyya.

Bari mu gwada da lambobin Barth. Wurin Tasawa zambar hamsaminya ne, ko keso 25, a rubutun kimiyya 5 × 10⁵. Farashin riyal a Kano 2.5 × 10³. In a na son a san riyal nawa ke nan, sai a raba 5 da 2.5 a sami 2, a ɗebe 3 daga 5 a sami 2, amsa ta zama 2 × 10², watau riyal 200. Dillalin Kano zai kai ga wannan amsa ta hanyarsa: keso ɗaya riyal takwas ne, keso 25 riyal metan. Hanya biyu, masauki ɗaya. Dukansu sun ware ƙaramar lambar da a ke lissafi da ita daga babban ƙunshin da ke ɗauke da girmanta.

Jirgi ya iso Ƙaura

Zuwan Turawan Ingila ya kawo tsari na uku. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau kuwa ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Da Ƙaura ta zama ƙarshen dogo sai gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Shinkafi su ka riƙa gangarowa can a kan jakuna da raƙuma. A bakin tasha kuwa ba a san mudu ba, sai sikeli. Manomin da ya san amfanin gonarsa da dami da mudu ya tarar a na biyansa da nauyi, da laba da tan, kuma mai karanta sikelin ba shi ba ne. Wanda bai iya juya awonsa zuwa awon mai saye ba, sai abin da a ka gaya masa.

Awon Ingila tsayayye ne, amma matakalarsa ba daidai ta ke ba. Inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya. Oza 16 laba ɗaya, laba 2,240 tan ɗaya. Kuɗin ma haka: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ga taro da sisi a tsakani, ga anini wanda goma su ke kwabo. Yaran elementare na zamanin nan sun sha haddar waɗannan, kuma ko wane mataki da lambarsa dabam. Hausa ta karɓi kalmomin duka ta sa musu rigarta, har garwar kananzir mai galan huɗu ta zama ma'auni a kasuwa. Tsofaffin kalmomi kuma su ka sami sabon aiki: rabin kwabo a ka kira shi ɗari, sunan da ya gada daga ƙidayar wuri, jaka kuwa ta zama fam 100.

Mita da kilo

A can Faransa, tun shekarun 1790, masana sun ƙago awon da ko wane mataki nasa goma ne. Sun ce mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar duniya ta arewa da tsakiyarta. A 1875 ƙasashe da dama su ka sa hannu a yarjejeniyar mita, a 1960 kuma a ka daidaita tsarin da duk masana kimiyya ke aiki da shi yanzu, mai tushe a kan mita da kilogiram da sakan da 'yan'uwansu. Tun 1983 da gudun haske a ke bayyana mita: ita ce nisan da haske ke ci a sarari cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan. A 2019 kilogiram ma ya rabu da dunƙulen ƙarfen da a ke ajiye da shi kusa da Faris. Awon Ingila kansa ya koma jingina da wannan tsari, domin tun 1959 yadi mita 0.9144 ne daidai, inci kuwa santimita 2.54.

Maƙwabtan Zurmi na arewa, mutanen ƙasar Maraɗi, sun san mita da kilo tun zamanin mulkin Faransa. Nijeriya ba ta juya ba sai bayan mulkin kai. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, dokar awo ta 1974 kuma ta tabbatar da mita da kilo da lita. Amma sabon tsari bai kori na da ba, ya hau kansu ne kurum. Har yanzu da mudu a ke sayen gero, da yadi a ke yankan atamfa, da lita a ke sayen fetur, dattawa kuma su kan kira naira 200 jaka guda. Yaron Zurmi ya kan shiga aji da awo iri huɗu a kansa.

Ga misalin irin tambayar da a ke yi masa. Jirgi ya tashi daga Ƙaura yana gudun mil 30 a awa. Mita nawa ya ke ci a sakan? Mil ɗaya mita 1,609 ne da 'yan kai, saboda haka mil 30 mita 48,280 ne, watau 4.828 × 10⁴. Awa ɗaya sakan 3,600 ce, watau 3.6 × 10³. A raba 4.828 da 3.6 a sami 1.34, a ɗebe 3 daga 4 a sami 1. Amsa ita ce 1.34 × 10¹, watau mita 13.4 a sakan. Babu wani mataki a nan wanda ya fi lissafin riyal da keso wuya. Faɗin dogon kansa misali ne: ƙafa 3 da inci 6 inci 42 ke nan, sau 2.54 ya ba da santimita 106.68, watau milimita 1,067.

Inda harshe ke da hannu

Duk da haka akwai wurare uku inda harshe ya kan sa yaro tuntuɓe, kuma wajibi ne masu nazarin Hausa su faɗe su.

Na farko, in an ce dubu ɗari da hamsin, mai ji ba ya da tabbacin 150,000 a ke nufi ko 100,050. A kasuwa yanayin ciniki ya kan warware shakka, a takardar jarrabawa kuwa babu mai warwarewa. Rubutun kimiyya ya raba gardama, domin ɗaya 1.5 × 10⁵ ne, ɗaya kuwa 1.0005 × 10⁵.

Na biyu, Hausa ta kan fara da sunan awo sa'an nan lamba, mu ce mita 300, alhali littafin fiziks ya rubuta 300 m. Yaron da ya ke tunani da Hausa yana rubutu da Ingilishi, in ya rubuta lamba ya kan ji kamar ya riga ya ambaci awon, sai ya bar lambar tsirara. Lamba marar awo kuwa a fiziks ba amsa ba ce.

Na uku, sunayen manyan lambobi ba su da tabbas ko a harsunan da mu ka aro su. Biliyan a Amurka 10⁹ ne, a Ingila kuwa a dā 10¹² ne, sai a 1974 gwamnatinta ta koma bin na Amurka. Hausawan Nijar su kan ce miliyar, bisa Faransanci, inda na Nijeriya ke cewa biliyan. Su kuma da dala su ke ƙidayar kuɗi, ko wace dala tamma biyar, har dala ashirin ta zama sefa 100. Mai rubuta 10⁹ ya tsira daga duk wannan.

Abin da ke ƙasa da ɗaya

Baƙon abu na gaskiya shi ne gangarawa. Zambar da keso sama su ke hawa. Wuri ba ya rabuwa, kuma kason malaman gado bai cika wuce sumuni ba sai an shiga lissafi mai zurfi. Amma kashi ɗaya cikin dubu, watau mili ko 10⁻³, da kashi ɗaya cikin miliyan, watau maikiro ko 10⁻⁶, babu abin da ya yi kama da su a tsohuwar ƙidaya. Ko a wajen Larabawa, waɗanda mu ka aro sifiri daga gare su, sai a 1427 al-Kashi ya shimfiɗa lissafin ɗigo sosai a Samarƙandi, ƙaramar lambar da a ke ɗorawa a kafaɗar babba kuwa Descartes ne ya yaɗa ta a 1637.

Kada a ɗauka wannan zancen aji ne kurum. A 2010 a ka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a cikin jihar nan ta Zamfara, inda a ke niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. An ƙiyasta yara wajen 400 su ka rasu. Likitoci suna auna dalmar da ke cikin jini da maikirogiram a ko wane kashi ɗaya cikin goma na lita, kuma in ta kai 45 a ke fara ba yaro maganin fid da ita. In an juya, 45 × 10⁻⁶ na giram a lita 0.1 ya zama giram 4.5 × 10⁻⁴ a lita. Abin da ido ba ya gani, miskali ba ya aunawa, shi ya ke kashewa. Ma'aikacin asibitin da ya rikita mili da maikiro ya yi kuskure ninki dubu, watau zambar guda, a kan ran yaro. Manyan masana ma ba su tsira ba: a 1999 Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, domin wani rukunin ma'aikata ya yi lissafi da laba, wani kuwa da awon mita.

Abin da ya kamata a yi

Shawarata ga malaman horon malamai uku ce. Da fari a soma darasin juyin awo daga abin da yaro ya sani, a sa shi ya juya wusƙi zuwa mudun Annabi, keso zuwa riyal, kafin a kai shi ga kilomita. Sa'an nan a farfaɗo da zambar a aji, a nuna masa kilo zambar ce, mega kuwa zambar dubu. Na uku, a daidaita yadda za a karanta rubutun nan da Hausa. Ni a ganina 10³ a ce goma hawa uku, kamar yadda mu ke cewa bene hawa uku, 10⁻³ kuwa goma gangara uku. Da haka 4.5 × 10⁻⁴ zai zama huɗu ɗigo biyar sau goma gangara huɗu, yaro ya ji da kunnensa cewa ƙasa a ka nufa. In wani yana da kalmar da ta fi waɗannan, sai ya kawo a duba, muddin dai za a tsaya a kan guda.

Lokacin da ya rage kuwa a kashe shi a kan gangarawa, domin nan ne kakanni ba su bar mana sawu ba. Akwai kuma aikin da ke jiran ɗaliban wannan sashe. Dattawan da su ka sayar da gyaɗa a tashar Ƙaura da laba suna ƙarewa, waɗanda su ka ji ƙidayar hauya da zangu daga bakin iyayensu sun fi su ƙaranci. Ya kamata a je Zurmi da Shinkafi a rubuta kalmominsu, a kuma auna mudun ko wace kasuwa da lita a ajiye, tun suna da rai.